Dinarin da Hannu Bai Taɓa Ba

Sau ɗaya a shekara Sixten Almgren yake buɗe ƙaramin akwatin, ranar bikin cin naman dinya, a gaban abokansa masu tara tsoffin kuɗi. Bana ma haka ya yi. Ya sa farar safar hannu, ya ce kowa ya ja baya ya tsuke bakinsa, domin a wurinsa ko tururin numfashi yana ɓata zinare. Ya ɗaga murfin.

A cikin gurbin karammiskin da dinarin ya saba kwanciya, babu komai sai wani ɗan faifan fata, fari, an yanke shi daidai girman dinarin.

Kafin dinyar da ke kan teburi ta huce, garin Stenvik ya riga ya gama shari'a. Ba a fasa akwati ba, ba a ɓalle taga ba, to ɓarawo na gida ne. Wane baƙo ne ya kwana a gidan Sixten, tsohon mai kantin magani, a shekarar nan? Mutum ɗaya ne: Veikko Rautio, ɗan Finlan ɗin nan mai walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, wanda ya auri Ylva, tilon 'yar Sixten. A gidan burodi aka ce daman an sani. A bakin teku aka ce ai ga sabon inji can a bayan kwale-kwalensa. Wata tsohuwa ta ce da uwar yarinyar tana raye da hakan ba ta faru ba, kowa ya gyaɗa kai.

Washegari Sufeto Brolin ya tura takardar ƙarar gaban Ragna Ekdahl. Ita kaɗai ce mace a ofishin 'yan sandan garin, kuma tun zuwanta ba a ba ta komai sai kekunan da suka ɓace da karnukan da suka ciji maƙwabta. Ta fi kowa a cikinsu karatu, sun sani, ita ma ta san sun sani, shi ya sa ake aikenta dafa kofi.

“Wannan ko yaro zai iya,” in ji Brolin. “Ki ɗauko bayanin tsohon, sannan ki taho mana da ɗan Finlan ɗin kafin ya hau jirgin ruwan Asabar mai zuwa Finlan.”

“In shi ne, zan taho da shi.”

“In shi ne? To wa kike zato, limamin coci?”

Ta ɗauki rigar ruwanta ta fita.

*

Sixten ya tarbe ta a ɗakin kuɗinsa, ɗaki mai sanyi, labule a sauke kullum don kada rana ta taɓa komai. Ya dube ta sama da ƙasa.

“Ke suka turo? Mazan ofishin sun ƙare ne?”

“Suna can suna fama da dinyar da suka ci jiya. Gaya mini abin da ya ɓace.”

Sai muryarsa ta sauya, ta yi laushi kamar ta mai maganar jariri. Dukat ne, tsohon dinari mai hoton wata sarauniya, ya haura shekara ɗari uku.

“Irinsa ana samu, yarinya. Mai irin lafiyarsa ne ba a samu. Daga wurin bugu aka ɗauke shi aka naɗe a ƙyalle. Bai shiga aljihu ba, bai je kasuwa ba, bai gogu da ɗan'uwansa ba. Gashin sarauniyar nan sili-sili za ki gan shi. Fatar ɗan Adam ba ta taɓa shi ba, ko tawa.”

“Ina makulli yake zama?”

“Bayan agogon bango.”

“Wa ya san da haka?”

“Ni kaɗai. Amma wanda aka ba ɗakin da ke jikin wannan har mako guda, mai kunne da ido, ai zai gano.”

“Marigayiya matarka fa? Ta sani?”

Ya yi tsaki. “Valborg? Ba ruwanta da ɗakin nan. Shara kawai ke kawo ta, ita ma sai ina tsaye. Ta rasu tun farkon bazara, kafin bikin auren Ylva. Ki bar matattu su huta, ki je ki kamo mai rai.”

Ragna ta sunkuya ta dubi abin da ke cikin gurbin. Ta sa yatsa biyu ta ɗauko. Fata ce mai ɗan kauri, gefenta sumul, babu inda almakashi ya yi tuntuɓe. A bayanta akwai busasshen ƙaro. Ta mayar cikin gurbin, ya zauna cif, ko kaɗan bai motsa ba.

“Ɗauke ƙazantar nan daga gidana,” in ji Sixten. “Bai isa ya yi mini sata ba, sai da ya haɗa da izgili.”

Ta naɗe faifan a hankicinta. Ta ga masu izgili da yawa a rayuwarta, da su take aiki kullum. Ba ta taɓa ganin wanda ya zauna ya yi wa izgilinsa aiki mai kyau haka ba.

*

Veikko da Ylva suna zaune a ɗaki biyu saman gidan burodi. Da tsakar ranar aiki ta same shi a gida, domin an ce masa ya dakata da zuwa har ƙura ta lafa. Ƙato ne, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Akwatin tafiya yana buɗe a kan gado. Ylva na tsaye jikin taga, hannu ɗaya a kan cikinta da ya fara tasowa.

“Kin zo da ankwa, ko in miƙo hannun haka nan?” in ji Veikko.

“Tambaya na zo yi. Ina ka samo injin da ke bayan kwale-kwalenka?”

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Sabon injina! Matattu biyu na tsinto a juji, na haɗa su suka tashi rai ɗaya. Na shafa masa fenti, shi ne laifina. Je ki tayar da shi, in ya tashi a ja na farko na ba ki kyauta.”

“Ka taɓa shiga ɗakin kuɗin?”

“Sau ɗaya ya nuna mini daga bakin ƙofa, kamar ana nuna wa kare coci. Ya ce in rufe baki in ina numfashi.” Ya cusa riga a akwati. “Tun ina yaro haka ake yi. Duk abin da ya ɓace a garin nan, ƙafa yake yi ya taho gidanmu. Mu ne 'yan wuƙa, mu ne 'yan kwalba. Jirgin ruwansu dai mu ke haɗa musu, shi ba sa cewa na sata ne.”

Ragna ta warware hankicin ta ɗora faifan a kan teburi. “Ɗauko mini wannan.”

Ya kai hannu. Yatsunsa suka yi ta tura shi, farcensa ya ƙone ya daskare, bai iya kama gefen ba. Sai da ya ja shi zuwa bakin teburi ya tare da tafin hannu.

“Mene ne wannan?”

“Shi nake nema in sani.” Ta juya ga Ylva. “Tare za ku tafi?”

“Ni na ce tare,” in ji Ylva, ba ta juyo ba. “Shi ya ce a'a.”

“Ba zan ja ta ƙasar da ba ta jin yarenta ba, kuma ba zan zauna a riƙa nuna ɗana ana cewa ga ɗan ɓarawo ba.” Sannan ya ƙara, a hankali: “Kuma ta tambaye ni ko ni na ɗauka.”

“Veikko!”

“Sau ɗaya. Ta ce, ka gaya mini gaskiya, ba zan faɗa wa kowa ba.”

“Ubana ne ya zo nan yana rawar jiki kamar zai faɗi matacce! Me kake so in yi? Baki ne ya suɓuce.”

“Sau ɗayan ma ya isa, Ylva.”

Ragna ta sauko matakala. Yanzu ta gane ba dinari kawai take nema ba. In Asabar ta yi babu amsa, ko Brolin ya kulle mutumin ko jirgi ya tafi da shi, auren nan ya mutu, yaron da ke ciki kuma zai tashi da sunan da bai ci ba bai sha ba. Ta biya bakin teku ta ja igiyar injin. Sai da ta ja sau da yawa sannan ya yi tari ya tashi, yana fitar da baƙin hayaƙi.

*

Kowa a ƙungiyar masu tara kuɗi ya ce mata in akwai wanda ya ƙwallafa rai a kan dinarin nan, to Holger Wiklund ne, tsohon malamin tarihi. Shi ma bai musa ba.

“Na so shi fiye da yadda na so matata, Allah ya ji ƙanta, ta kuwa sani,” in ji shi, yana goge tabarau. “Amma ki yi tunani, 'yar sanda. In na sace, in yi yaya da shi? Abin da ba ka isa ka nuna wa masu yi maka hassada ba, ai ba ka mallake shi ba.”

Ta nuna masa faifan. Ya kai hanci, ya ja da baya kamar ya shinshini mushe.

“Fata da ƙaro a kan karammiski! Wannan ba aikin ɗayanmu ba ne. Ko ɓarawon cikinmu ba zai yi wa gurbi wannan cin mutuncin ba. Wanda ya sa wannan bai san kuɗi ba.”

“Ko kuwa ya san fata.”

“Wannan kuma ke ta shafa.”

“Ta yaya dinarin ya zo hannun Almgren?”

Holger ya mayar da tabaransa. “Kin tono tsohon kabari. Tare muka je wurin dillalin da ke sayar da shi, muna matasa. Ni aljihuna bai kai ba, nasa ma haka. Sai ya koma gida ya kwashe duk abin da yake zinare a gidan ya kai musaya. Agogon ubansa, 'yan kunne, sarƙa. Har da ɗan dinarin Valborg.”

“Tana da nata?”

“Wani tsoho, ya sha gogayya har fuskar da ke kai ta shafe. Wanda aka sa mata a takalmi ranar aurenta ne. Uwarta ta ba ta, ita ma daga tata uwar ta samu, haka dai. Sixten ya ce ba shi da wata daraja sai ta nauyinsa. A sana'armu gaskiya ya faɗa. Dillalin ya jefa shi cikin na narkarwa muna kallo.”

“Ita me ta ce?”

“Valborg? Ta kawo mana kofi.” Ya dubi tagarsa. “Ban taɓa jin ta ɗaga maganar ba. Irin matan nan ne da ke haɗiye dutse su ce tuwo ne.”

*

Dagny, ƙanwar marigayiya, ba ta bari Ragna ta buɗe baki ba sai da ta cika mata kofi ta tura mata farantin gurasa mai kirfa.

“Ci, 'yar nan, kin rame kamar sandar tuta. Wai ɗan Finlan! Yaron da ya ɗauki akwatin gawar yayata a kafaɗarsa, ruwa na dukansa, mijinta na can ƙarƙashin laima.”

Ta jawo hotunan biki ba tare da an tambaye ta ba. Ga amarya a ƙofar coci, ga ta tana rawa. A kowane hoto ta ɗan karkata hagu, tana murmushi da haƙora a cije.

“Ƙafa ke mata ciwo?”

“Takalmin dama. Tun daga coci take ɗingishi. Da yamma na ga jini a safarta, na ce, Ylva, don girman Allah cire, amare nawa suka yi rawa ba takalmi? Ta ce, Inna, hannun Mama ne ya gyara shi, ko ƙafar za ta guntule ba zan cire ba. Taurin kai irin na gidanmu.”

“Valborg ce ta gyara takalmin?”

“A gadon ciwonta. Ita ta aike ni na sayo, ta ce sun yi wa yarinyar yawa, za ta rage. Ai safar hannu ta fata take ɗinkawa kafin aure, babu kamarta a masaƙar. Amma ciwo ya riga ya ci hannun. Na hagu ya yi daidai, na dama ya fito da tudu a dunduniya. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce aikin ƙarshe na yayata ya ɓaci.” Ta share ido da gefen atamfar ɗaurin girkinta, sai kuma fushi ya taso mata. “Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Azurfar uba a takalmin hagu, zinaren uwa a na dama, don kada yarinya ta rasa a gidan miji. Kowa ya san wannan. Uwa ta mutu. Na je na ce, Sixten, kana da zinare cike da ɗaki, ara wa 'yarka ɗaya na wuni guda a madadin uwarta. Kin san abin da ya ce? Wai gumin ƙafa zai ɓata shi. Ya ba ta azurfarsa, ita ma sai da ya zaɓo wadda ta fi kowacce lalacewa. Yarinyar nan ta shiga coci ƙafar dama babu komai, tana kuka a ɓoye.”

Ragna ta ajiye kofin a hankali. A aljihunta, yatsunta suka sami hankicin.

“Ina takalman yanzu?”

“Suna wurinta, a kwalinsu. Me za ki yi da takalmi?”

*

Brolin ya yi dariya har da riƙe ciki. “Takalmin amarya! Na aike ki kamo ɓarawo, kin dawo mini da zancen ɗinki. Shi ya sa na ce aikin nan ba na mata ba ne.”

Ragna ta tsaya ƙyam har ya gama. Ta daɗe da koyon cewa dariyar irin waɗannan mutane kamar ruwan sama take, in ka tsaya tana ɗaukewa.

“Ka ba ni yammacin Juma'a. In na yi kuskure, da hannuna zan sa masa ankwa, in kuma dafa muku kofi har in tsufa.”

“Kin faɗa da bakinki.”

“Na ji. Kai ma ka zo ka gani da idonka.”

*

Ranar Juma'a ana yayyafi suka taru a ɗakin kuɗin. Sixten na bayan teburinsa da farar safarsa. Holger da Dagny suna kan kujeru, Brolin ya jingina da ƙofa. Veikko ya ƙi zama. Ylva ta rungume wani farin kwali, ba ta san dalilin da aka ce ta zo da shi ba.

Ragna ta ɗora faifan fatar a tsakiyar teburi.

“Ɓarawo sauri yake yi,” in ji ta. “Wanda ya yanke wannan bai yi sauri ba. Ya auna, ya yanka da hannun da ya saba da fata. Yatsun Rautio ko ɗaukar abin ba su iya ba. Malam Wiklund kuwa zai gwammace ya yanke hannunsa da ya sa ƙaro a karammiski. Saura mutum ɗaya da ya san bayan agogon nan, don shi yake share masa ƙura tun kafin a haifi Ylva.”

“Na ce miki ki bar matattu!” in ji Sixten.

“Na bar su. Su ne ba su gama magana ba. Ylva, ba ni na dama.”

Ylva ta buɗe kwalin. Fararen takalma ne, na daman da ɗan tabon jini da ya bushe a bayansa. Ragna ta karkata shi ga hasken fitila. Shimfiɗar ciki an ɗinke ta da ɗinki ƙanana, a jere kamar haƙoran kifi, ba inda allura ta kauce. Wannan ba hannun da ciwo ya ci ba ne. Ta miƙa wa Dagny ɗan almakashi.

“Aikin yayarki ne. Ke ya kamata ki warware.”

Tsohuwar ta tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga shimfiɗar. A ƙarƙashin dunduniya an yanke gurbi zagayayye a cikin fatar, a cikinsa kuma zinare na kwance.

Dagny ce ta fara magana, kamar da kanta take yi: “Ashe ba ƙafa wofi ta shiga coci ba.”

Ylva ta toshe bakinta da hannu biyu. Wani sauti ya fito mata wanda ba kuka ba ne ba dariya ba.

Sixten ya miƙo hannu, ya ɗauko dinarin ta gefe, ya sa gilashinsa a ido. Ya daɗe yana dubawa. Kan wata ƙusar dunduniya ya huda kuncin sarauniyar, gashin nan da ake gani sili-sili ya goge ya zama sumul, zinaren ya ɗan lanƙwasa daidai yadda ƙafa ta taka shi wuni guda, daga coci har filin rawa.

“An kashe shi,” in ji shi. “Shekara ɗari uku... Yanzu ba shi da wata daraja sai ta nauyinsa.”

“Na taɓa jin wannan maganar,” in ji Holger a hankali. “A shagon dillali, ranar da aka narkar da nata.”

Sixten ya ɗago ya dube shi.

“Ka ɗauke mata na uwarta ba ka tambaye ta ba,” in ji Dagny. “Ta yi shiru, ta dafa maka, ta wanke maka, ta share ɗakin nan kana tsaye a kanta kamar mai gadi. Ta jira har ranar da 'yarta ke buƙata. Ba sata ta yi ba, Sixten. Abinta ta karɓa.”

Brolin ya gyara murya, ya ce shi dai bai ga ƙarar da za a shigar a kan matar da ta ɗauki abu a gidan aurenta ta ba 'yarta ba. Bai dubi Ragna ba. Ita ma ba ta nemi ya dube ta ba.

Ylva ta matso ta buɗe tafin hannunta a gaban ubanta. “Baba, ba ni.”

“Ylva, bari in sa shi a...”

“Ba ni. Mama ce ta ba ni. Ta ba ni tun tuni, ni ce ban sani ba.”

Ya sake shi. Zinaren ya faɗa a fatar hannunta, ta dunƙule, ta kai ƙirjinta. Sannan ta juya ga mijinta. Ba ta roƙe shi ba, ba ta yi bayani ba, ta dai tsaya tana kallonsa, hawaye na zuba.

Veikko ya dubi takalmin, ya dubi tabon jinin da ke bayansa.

“Wuni guda kika taka wannan abin ba ki cire ba?”

“Ban cire ba.”

“Taurin kai.” Ya karɓi kwalin daga hannunta ya sa a hammata. “Mu je gida. Akwai akwatin da zan kwance.”

A bakin ƙofa Sixten ya kira shi. “Rautio.” Ya yi ta neman kalmar, kamar mai laluben makulli a duhu. “Zan je ma'aikatarku gobe. Da kaina zan gaya musu.”

“Ka biya ta gidan burodi tukuna,” in ji Veikko. “Can aka fara yanke mini hukunci.”

Suka fita. Ylva ta juyo sau ɗaya, ta ce in mace ta haifa, dinarin na ƙafar damanta ne, kowa ya ji ya shaida. Dagny ta bi bayansu, Holger da Brolin ma suka zame.

Ragna ta tsaya tattara kayanta. Ta kai hannu za ta ɗauki faifan fatar.

“Wannan,” in ji Sixten. “Dole ne ki tafi da shi?”

“Ka ce in fitar da ƙazantar daga gidanka.”

“Na ce.”

Ta dube shi. Tsoho ne kawai, a ɗaki mai sanyi cike da zinare. Ta janye hannunta.

Ya cire safar hannun dama, yatsa bayan yatsa, ya ajiye. Ya ɗauki faifan da fatar hannunsa, ya bi gefensa da babban yatsa, inda almakashin Valborg ya zagaya bai yi tuntuɓe ba. Sannan ya sa shi a gurbin karammiskin, ya zauna cif. Bai rufe murfin ba.

Ragna ta ja ƙofa a hankali, ta ɗaga wuyan rigarta ta shiga cikin yayyafin.